Hayaniya ko Fasaha: Yadda Wasannin The Jesus and Mary Chain Suka Raba Kan 'Yan Kallo a Landan

A tarihin kiɗan zamani na Birtaniya, da wuya a sami ƙungiyar makaɗa da wasanninta suka raba kan masu sauraro kamar yadda na The Jesus and Mary Chain suka yi a shekarun 1984 da 1985, domin a dare guda kuma a ɗaki guda wasu kan fito suna rantsuwa cewa sun ga makomar kiɗa da idonsu, wasu kuwa su fito suna neman a mayar musu da kuɗinsu. Irin wannan saɓani ya cancanci nazari, saboda yana bayyana wata yarjejeniya da ba a rubuta ta a jikin tikiti, wato abin da mai kallo yake ganin an yi masa alkawari idan ya biya kuɗin shiga, da abin da makaɗi yake ganin ya ɗaukar wa kansa idan ya hau dandamali. Idan fahimtar ɓangarorin biyu ta zo ɗaya, sai a rabu lafiya, idan kuwa ta saɓa, sai ƙaramin ɗakin wasa ya koma fagen jayayya.

Kiɗan rock, wanda wannan ƙungiya take yi, shi ne wanda ginshiƙinsa jita mai amfani da lantarki, da jitar bas mai kaurin murya, da ganguna, da mawaƙi. Reshensa da ake kira indie kuwa ya samo asali ne daga ƙananan kamfanonin faifai masu cin gashin kansu, waɗanda suka bunƙasa a Birtaniya bayan guguwar kiɗan punk ta 1976 da 1977, lokacin da matasa suka gane cewa za su iya ɗaukar waƙa su buga faifai ba tare da sun jira yardar manyan kamfanoni ba. A haka aka sami Rough Trade a Landan da Factory a Manchester, sannan a 1980 aka fara fitar da jadawalin ciniki na musamman domin faifan irin waɗannan kamfanoni. Gidan wannan kiɗa na asali shi ne kulob, wato ƙaramin ɗakin wasa na dare wanda sau da yawa bai wuce saman bene ko bayan wata mashaya ba, inda jama'a ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, kuma tazarar da ke tsakanin mawaƙi da sahun gaba ba ta fi a miƙa hannu ba. Wannan kusanci shi ne daɗin wurin, shi ne kuma hatsarinsa, tunda duk abin da mai kallo ya ji a ransa, na yabo ko na fushi, yana isa ga makaɗi nan take.

Ƙungiyar da ake magana a kanta, wadda ba ta addini ba ce duk da sunan da ta ɗauka, 'yan'uwa biyu ne suka kafa ta, William Reid da ƙanensa Jim Reid, a East Kilbride, wani sabon gari da aka gina kusa da Glasgow a Sikotlan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sun shafe shekaru ba su da aikin yi, a zamanin da marasa aiki a Birtaniya suka haura miliyan 3, suna tsara waƙoƙi a gidan iyayensu da wata ƙaramar na'urar ɗaukar sauti da aka saya da kuɗin sallamar mahaifinsu daga aiki. Abin da suka sa a gaba shi ne haɗa abubuwa biyu da ake ganin ba sa haɗuwa: karin waƙa mai zaƙi irin na ƙungiyoyin 'yan mata na Amurka a shekarun 1960, kamar The Shangri-Las, da kuma ƙara mai kaushi irin ta The Velvet Underground da The Stooges. A watan Yuni na 1984 suka yi wasa a Living Room, ƙaramin kulob ɗin da Alan McGee ke gudanarwa a Landan, shi kuwa ya ɗauke su a kamfaninsa na Creation ya kuma zama manajansu. Faifansu na farko, Upside Down, ya fito a watan Nuwamba na wannan shekara, ya hau saman jadawalin ƙananan kamfanoni, har wani marubucin jaridar kiɗa ta NME ya bayyana su a matsayin ƙungiyar da ta fi kowace a duniya.

Wanda ya karanta irin wannan yabo ya sayi tikiti, abin da yake tararwa ya sha bamban da abin da ya saba gani. Makaɗan kan hau dandamali a makare, sanye da baƙaƙen kaya, ba sallama ba gaisuwa, wani lokaci ma su juya wa jama'a baya. Mai ganguna, Bobby Gillespie, a tsaye yake kiɗa da ganguna biyu kacal, mai jitar bas, Douglas Hart, ya rage tsirkiyoyin jitarsa daga huɗu zuwa biyu, shi kuwa William yakan kusanto da jitarsa gaban lasifika da gangan domin ta yi kuka. Wannan kuka shi ne irin wanda ake ji a wurin taro idan makirufo ya kusanci lasifika: sautin da ya fito daga lasifikar sai ya sake shiga na'urar, a ƙara masa ƙarfi, ya sake fitowa, yana ta zagayawa har ya zama ƙara mai huda kunne. Abin da kowane mai kula da sauti yake gudu, shi waɗannan matasa suka mayar da shi kayan kiɗa, suka lulluɓe waƙoƙinsu da shi har muryar Jim takan nutse a ciki. Bayan minti ashirin, ko ƙasa da haka, sai su ajiye kaya su fice.

Daga nan ra'ayi yake rabuwa. Masu yabo suna ganin cewa kiɗan da ya mamaye rediyo da talabijin a wancan lokaci, irin na Duran Duran da Wham!, an goge shi an gyare shi har ya rasa kaifi, don haka wasan da ba a san yadda zai ƙare ba ya fi musu daraja a kan wasa mai tsafta da aka maimaita sau ɗari. A wurinsu gajartar wasan ma wani ɓangare ne na saƙon, kuma Jim Reid da kansa ya taɓa kare ta da cewa ba a taɓa yin ƙungiyar da ta isa ta wuce wannan lokaci tana wasa ba. Masu suka kuwa hujjarsu a fili take: sun biya kuɗi, sun yi tafiya, sun tsaya dogon jira, sannan ba su ji waƙar da suka sani a faifai ba sai ƙara, kuma waɗanda suka zo gani ko kallonsu ba su yi ba. Kowane ɓangare gaskiyar abin da ya gani yake faɗa, sai dai ba abu ɗaya suka zo saye ba, domin na farko ya zo neman abin da ba zai sake faruwa ba, na biyu kuwa ya zo neman a cika masa abin da faifai ya kwaɗaita masa.

Akwai kuma wani dalili na zahiri da kan sa mutum biyu su fito daga kulob ɗaya da labari biyu, wato yanayin ɗakin kansa. A ƙaramin ɗaki mai gajeren rufi, sauti yana dukan bango ya dawo, wanda ke tsaye dab da dandamali yana jin amon jita kai tsaye daga na'urar makaɗin, wanda ke tsakiya yana jin abin da mai haɗa sauti ya daidaita, wanda ke can baya kusa da wurin sayar da abin sha kuwa hayaniyar mutane ta gauraye masa da kiɗan. Haka nan wanda ya riga ya haddace waƙa kunnensa yakan tsamo karinta daga cikin ƙara, alhali wanda ya fara jin ta a daren ba shi da abin riƙewa. Saboda haka idan aka ji wani yana cewa waƙoƙin suna da daɗi, wani yana cewa babu waƙa sam, mai yiwuwa ne duka biyun sun faɗi abin da ya isa kunnensu.

Saɓanin ya kai maƙura a ranar 15 ga Maris 1985, a zauren kwalejin North London Polytechnic. Masu shirya taron sun sayar da tikiti fiye da abin da wurin zai ɗauka, har ɗaruruwan mutane suka rage a waje, sannan mawaƙin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka buɗe fage, Meat Whiplash, ya jefa kwalba cikin jama'a, lamarin da ya ƙara tunzura su. Su kuwa waɗanda aka taru dominsu sai da suka bar mutane suna jira fiye da sa'a guda, suka fito suka yi wasan da bai wuce minti ashirin ba, suka koma. Da jama'a suka tabbatar ba za su sake fitowa ba sai aka fara jifa da gwangwanaye, aka hau dandamali, aka ture lasifikoki aka farfasa kayan sauti. Maimakon ya yayyafa wa wutar ruwa, McGee ya fitar da sanarwa yana cewa jama'ar ba zauren suke farfasawa ba, kiɗan pop suke farfasawa. Jaridu suka ɗauki labarin suna kwatanta ƙungiyar da ƙungiyar punk ta Sex Pistols, kuma a watan Satumba na wannan shekara aka sake irin wannan tarzoma a kulob ɗin Electric Ballroom da ke unguwar Camden.

A nan ya wajaba a rarrabe abubuwa uku da aka cakuɗa su wuri guda. Na farko shi ne sautin da ƙungiya ta zaɓa, wanda haƙƙinta ne, domin makaɗin da ba ya yin komai sai abin da aka riga aka sani ba zai taɓa kawo sabon abu ba, kuma mai kallon da sautin bai yi masa ba yana da damar ya yi ihun rashin yarda ko ya fita. Na biyu shi ne mu'amala, wato cika lokaci, da sayar da tikiti daidai da girman wuri, da kiyaye lafiyar jama'a, kuma a wannan fage 'yan kallon da suka fusata suna da gaskiya, tunda barin mutane a cunkushe suna jira babu wata fasaha a cikinsa, raini ne kawai. Na uku shi ne talla da rigima, wadda ta jawo wani rukuni na daban da bai damu da waƙa ba, ya zo ne domin ya ji an ce ana faɗa. Da zarar wannan rukuni ya shigo, sai muhawarar masu yabo da masu suka ta mutu, domin kwalba ba ta bayyana ra'ayi a kan kiɗa. Ƙungiyar ita ma ta ɗanɗana kuɗarta, tunda an soke mata wasanni, wasu hukumomin garuruwa suka hana ta wasa, kuma labarin tarzoma ya nemi ya danne labarin waƙoƙinta. A 1986 'yan'uwan suka rabu da McGee a matsayin manaja.

Kundin waƙoƙinsu na farko, Psychocandy, wanda ya fito a watan Nuwamba na 1985 a ƙarƙashin kamfanin Blanco y Negro, ya tabbatar wa masu shakka cewa akwai waƙoƙi ginannu a ƙarƙashin ƙarar, kuma ya zama abin koyi ga ƙungiyoyin da suka biyo baya irin su My Bloody Valentine. Sai dai hakan bai kawo ƙarshen saɓani ba, ya sauya masa fuska ne. Da suka fitar da Darklands a 1987, wanda suka rage masa ƙara suka fito da muryoyi fili, ya kai mataki na 5 a jadawalin ƙasa, amma wasu daga cikin masoyan farko suka ce an yi sanyi, sannan wasannin da suka gwada yi da gangunan na'ura maimakon mutum ba su sami karɓuwa ba. A watan Satumba na 1998 kuma, a kulob ɗin House of Blues na Los Angeles, 'yan'uwan suka saɓa a kan dandamali, William ya fice bayan 'yan mintoci, aka mayar wa jama'a kuɗinsu, kuma a 1999 aka sanar da rushewar ƙungiyar. Daren na 1998 ba a yi jayayya a kansa kamar na 1985 ba, domin kowa ya ga cewa ba wani sabon salo aka gwada ba, alkawari aka karya.

Ƙungiyar ta sake haɗuwa a 2007 a bikin Coachella na Kalifoniya, kuma a watan Nuwamba na 2014 ta buga Psychocandy daga farko har ƙarshe a Landan da Manchester da Glasgow, a gaban jama'ar da suka san abin da suka zo ji, waɗanda suka karɓi ƙarar da tafi. Sautin da aka yi wa jifa shi aka koma ana biya domin a ji, wanda hakan ke nuna cewa masu yabon farko sun hango abin da saura ba su hango ba. Amma wannan bai wanke makara da cunkoso da hura wutar rigima ba, kuma bai mayar da masu ƙorafin wancan lokaci jahilai ba. Ƙaramin kulob shi ne wurin da sabon kiɗa ke fara fuskantar hukuncin jama'a tun kafin a san ko zai rayu, don haka rabuwar kan masu sauraro a cikinsa alama ce ta lafiya, muddin makaɗi ya riƙe 'yancinsa a kan sauti ya kuma sauke nauyin da ke kansa na mutunta waɗanda suka taru, su kuma masu kallo suka tsaya a kan yabo da suka ba tare da sun kai hannu ba.