Tsatsar da Ta Jinkirta Numfashin Duniya

Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa a yau oksijin ne, alhali duniya ta yi kusan rabin shekarunta babu shi a sararinta sai ɗan abin da ba a rasa ba. An saba cewa ƙwayoyin halitta ne suka kawo shi, wato sayanobakteriya, irin waɗanda har gobe suke mayar da ruwan kududdufi kore shar. Da hasken rana suke tsaga ruwa, su haɗa abincinsu, su saki oksijin. Wannan gaskiya ne. Sai dai a ganina, ƙasa da teku ne suka yanke lokacin da oksijin ɗin zai zauna a sama, kuma duwatsu sun adana shaidar haka.

A Witwatersrand ta Afirka ta Kudu akwai tsakuwar tsoffin koguna da ta haura shekara biliyan 2.7. A cikinta ana samun ƙwayoyin wani ma'adini na ƙarfe da farar wuta, masu ƙyalli kamar zinare, ruwa ya gangaro da su har suka mulmule. Da akwai oksijin a iska a lokacin, da tsatsa ta cinye su tun a hanya. A tsaunukan Hamersley na yammacin Ostireliya kuwa, dutsen layi-layi ne, ja a kan baƙi, baƙi a kan ja, kamar saƙar zane. Ƙarfe ne da ya narke a tekun farko, ya haɗu da oksijin, ya kwanta a ƙasa. Daga wannan yanki ake loda tama zuwa masana'antun Sin a yau. Ke nan oksijin yana fitowa, ƙarfen teku da hayaƙin duwatsu masu aman wuta suna lanƙwame shi, sai wajen shekara biliyan 2.4 da suka wuce abin da ake samarwa ya fi ƙarfin masu haɗiyewa. Binciken wani masani, James Farquhar, na shekarar 2000 a kan farar wutar tsoffin duwatsu ya taimaka wajen gano wannan gaɓa.

Wasu masana na cewa wasu ƙwayoyin dabam, waɗanda ba sa sakin oksijin, su ma suna iya kwantar da ƙarfen. Hujjarsu tana da nauyi, amma ba ta rushe batun ba, domin ko a hakan mai rai ne ya sarrafa dutse, dutsen kuma ya ci da shi.

Da oksijin ya samu gindin zama, ana kyautata zaton ya lalata iskar metan da ke ɗumama duniya a zamanin da rana ba ta kai ƙarfinta na yanzu ba. Duwatsun da ke arewacin tafkin Huron a Kanada suna ɗauke da sawun ƙanƙarar da ta biyo baya. Oksijin ne kuma ya haifar da rufin ozon, wanda ya tare hasken rana mai ƙuna, har tudu ya zaunu ga masu rai bayan dogon zamani.