Mesar Afirka a Sanyin Turai: Yadda Ake Ɗumama Mata Ɗaki

Duk wanda ya taɓa ganin ƙadangare ya baje a kan katanga da hantsi a lokacin hunturu ya riga ya san rabin wannan magana. Ƙadangare da maciji jikinsu ba ya samar da ɗumin kansa kamar na mutum ko akuya, daga waje suke aro. In maciji ya ji sanyi sai ya fito rana, in zafi ya ishe shi sai ya koma rami. Da wannan kai da komowa yake daidaita jikinsa.

A nan Afirka sanda ake nema idan an ga maciji, amma a Ingila da Jamus da Amurka akwai masu kiwonsa a ɗaki cikin akwatin gilashi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi kiwo ita ce wata ƙaramar mesa marar dafi, wadda ba ta cika wuce mita 1.5 ba, mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Asalinta tamu ce, 'yar dajin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma Ghana da Togo da Benin ne suka fi fitar da ita. A daji tana wuni cikin suri ko ramin ɓera, inda akwai ɗumi da laima. Sai ga ta a garin da ruwa ke daskarewa a watan Janairu.

Kuskuren sabon mai kiwo shi ne ya zaci zafi kawai ake so. Abin da mesar ke bukata shi ne zaɓi. Ana ɗumama gefe ɗaya na akwatin zuwa digiri 31 ko 32 a ma'aunin Salshiyas, a bar ɗaya gefen tsakanin 24 da 27, kowane gefe da maɓoyarsa. Haka za ta riƙa zirga-zirga kamar yadda take yi tsakanin rana da rami. In maɓoyar ɗaya ce tak, a ciki za ta lafe ko da sanyi na cin ta, domin ɓuya ta fi mata komai.

Kayan ɗumamar iri-iri ne. Akwai shimfiɗar lantarki, akwai ƙwan tangaran mai ba da zafi ba haske, wanda ya dace da dare. Ita shimfiɗar, ƙasan akwati kawai take ɗumamawa, iska kuwa ta bar ta da sanyinta, shi ya sa a tsakiyar hunturu ba ta wadatarwa ita kaɗai. Kowanne aka zaɓa, dole a haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai iyaka. Maciji yakan kwanta kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai gusa ba.

Sanyi kuwa a hankali yake ɓarna. Ɓeran da mesa ta haɗiye ba ya narkewa sai da ɗumi, in babu sai ya ruɓe a ciki ta amayar. Daga nan ciwon huhu ya biyo baya: majina a baki, numfashi da ƙara, baki a buɗe. Ga kuma wata masifar: murhun ɗumama gidajen Turai yana busar da iska kamar hunturun Kano. Idan laimar akwatin ta yi ƙasa da kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari, saɓa ba ta fita gaba ɗaya, takan maƙale a ido da wutsiya.

Babban tashin hankali shi ne ɗaukewar wuta, irin wadda ta jefa miliyoyin mutanen jihar Texas cikin duhu da sanyi a Fabrairun 2021. Dabarar masu kiwo a irin wannan rana ita ce a sa mesar cikin rigar matashin kai, a ajiye a ƙaramin akwati kusa da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul, ko mutum ya rungume ta cikin rigarsa. Abinci kuma a dakatar sai wuta ta dawo.

A Ingila, dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin ba ta muhallin da ya dace da ita. Mesar nan takan rayu shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo. Wanda ya saye ta ya ɗau nauyin biyan kuɗin wuta da duba ma'aunin zafi safe da yamma na hunturu ashirin ko fiye, aikin da surin gara ke yi mata kyauta a dajin Togo.