Edna Adan: Ungozomar da Ta Nema wa Somaliland Kujera

A shekarar 2003 Shugaba Dahir Riyale Kahin ya naɗa Edna Adan Isma'il ministar harkokin wajen Somaliland. Ƙasar tana da tutarta da kuɗinta da sojojinta, amma a lokacin babu gwamnati ko ɗaya a duniya da ta amince da ita. Ministar kan je Addis Ababa a karɓe ta da mutunci, sai dai kujerar zauren Tarayyar Afirka ta Somaliya ce.

Ungozoma ce, haifaffiyar Hargeisa, babban birnin Somaliland a yau, a 1937, ta yi karatun jinya a Ingila. Ta wakilci Hukumar Lafiya ta Duniya a Jibuti daga 1991 zuwa 1997, sannan ta zuba kuɗin sallamarta a ginin asibitin haihuwa da ta buɗe a Hargeisa a 2002, a filin da dā juji ne.

Hujjar da ta riƙe ita ce Somaliland ba ɓallewa ta yi ba. Ta samu 'yanci daga Ingila ranar 26 ga Yunin 1960, bayan kwana biyar ta haɗe da yankin da Italiya ta mallaka, aka kafa Somaliya. Da jiragen Siad Barre, shugaban Somaliya na lokacin, suka ragargaza Hargeisa a 1988, zama tare ya gagara, a 1991 aka raba gari. Iyakar da take nema ita ce ta zamanin Turawa, wadda shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira a 1964 cewa ba za a taɓa ba. A ganina hujja ce mai ƙarfi. Tawagar da Tarayyar Afirka ta aika a 2005 ma ta ce lamarin Somaliland daban yake, amma aka jingine rahoton. Shugabannin da suka ga yunƙurin ɓallewar Biyafara da Katanga ba sa son jin maganar sabuwar ƙasa, ko da mai maganar tana da gaskiya.

A gida ma babu sauƙi. Kashi 97 cikin ɗari sun goyi bayan tsarin mulkin 'yanci a ƙuri'ar raba gardama ta 2001, kuma suna jiran ministarsu ta dawo da albishir. A gabas kuwa, a lokacin yankin Puntland na Somaliya ne ke riƙe da garin Las Anod, abin da masu adawa ke nunawa su ce ba kowa ya yarda da Hargeisa ba.

Ta bar muƙamin a 2006 ba tare da amincewar ko ƙasa ɗaya ba, ta koma asibitinta tana horar da ungozomomi. A 2023 aka ba ta lambar yabo ta Templeton.