Warin ruwan famfo, gishiri da dangin sinadarai

 Ɗalibai a nan Tamale sun sha tambayarmu ko alwala ta inganta da ruwan famfo mai warin magani. Za mu amsa, amma sai mun fara sanin maganin da danginsa.

Duk abin da muke taɓawa an gina shi ne daga sinadarai na asali, waɗanda aka san guda 118 zuwa yau. A shekarar 1869 wani malami ɗan Rasha, Dimitiri Mendeleyef, ya jera guda 63 da aka sani a zamaninsa bisa nauyinsu, sai ya ga halayensu suna maimaituwa. Ya bar gurabe babu kowa, ya ce masu su na nan tafe. A 1875 aka gano galiyam, ya zauna daidai gurbin da aka bar masa. Jadawalin da yaranmu ke haddacewa a sakandare yana da layuka 18 daga sama zuwa ƙasa, kowane layi gida guda ne, 'yan gidan kuma halinsu ɗaya.

Gida na 17 ne ya shafe mu. Sunansa halojin, wato masu haifar da gishiri: fulorin, kilorin, buromin da aidin. Kowannensu na da ilektoron bakwai a zobensa na waje, saura ɗaya ya cika takwas, shi ya sa ba ya zama shi kaɗai. Sodiyam na gida na 1 kuwa ɗaya gare shi, yana neman inda zai sauke. Kilorin iska ce mai guba, sodiyam ƙarfe ne da ke iya kamawa da wuta idan ya taɓa ruwa, amma da suka haɗu sai ga gishirin miya, irin wanda fatake suka daɗe suna saye a Daboya. Masu Larabci su lura: sunan gidan sodiyam a littattafan kimiyya daga kalmar alƙalyu ya fito, wato tokar tsirrai.

Kilorin ɗin nan ne ake sa wa ruwan da ake tacewa a Dalun, don ya kashe ƙwayoyin kwalara da taifod kafin ya iso mana. Abin da muke gani shi ne ruwan mai tsarki ne, mai tsarkakewa. An sa masa abu kaɗan don gyara shi, kuma malaman Malikiyya sun yi rangwame ga warin man da ake shafa wa salkar matafiyi. Wanda ransa bai kwanta ba, ya bar ruwan a buɗe, warin zai ragu. Kuskure ne babba a guje shi a koma wa ruwan dam.

Fulorin ba ya wari, nan ne haɗarinsa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita guda. A Bongo, kusa da Bolgatanga, duwatsun ƙasa suna zuba shi cikin rijiyoyin burtsatse fiye da haka, haƙoran yara su rine, har an rufe wasu rijiyoyin. Tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara masa kauri take yi. Masallacin da zai haƙa burtsatse, ya kai ruwan a auna kafin a buɗe wa jama'a.

Aidin kuwa ƙarancinsa ne damuwarmu, mu da muke nesa da teku. Rashinsa na kawo maƙoƙo, yana kuma dakushe ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Tun 1996 dokar Gana ta wajabta sa shi a gishiri. Maigida ya duba leda kafin ya saya, uwargida ta ajiye shi a rufe, nesa da murhu da danshi.

Allah ne Mafi sani.