Madugun makaɗa: ba ya kiɗi, ba ya busa

Duk wanda ya taɓa kallon faretin soja ya san mutumin nan da ke tafe gaban makaɗa, yana juya sanda, yana jefa ta sama yana cafewa, wanda sojojinmu ke kira tambur-majo. A ƙasar Amurka aikin nan ya fita daga bariki, ya zama abin gasa.

Bayan yaƙin duniya na farko ne tsofaffin sojojin Amurka suka shiga kafa ƙungiyoyin ganga da begila domin samarin garuruwansu. Daga baya manyan ƙungiyoyin suka ɓalle, suka kafa hukumar kansu mai suna Drum Corps International, wadda ta shirya gasarta ta farko a shekara ta 1972 a jahar Wiskonsin. Ƴan wasan samari ne da ƴan mata waɗanda ba su wuce shekara 22 ba, sama da 150 a kowace babbar ƙungiya, suna kiɗi da busa suna tafiya cikin filin ƙwallo wajen minti 11, alƙalai na ba su maki.

To, mene ne amfanin madugu, tun da ba ya kiɗi, ba ya busa? Amsar tana ga faɗin filin. Sauti na tafiyar mita 340 cikin daƙiƙa guda, filin kuwa tsawonsa ya kai mita 91. Mai busan da ke can ƙurya, in ya bi kunnensa, sai ya makara, domin kiɗin na isa gare shi a baya. Saboda haka ake hore su su bi ido, watau hannun madugu da ke tsaye bisa wani dogon dandamali. Shi kuma yakan kafa ido ga ƙafafun mai gangar tsakiya, ya ɗauki takunsa ya rarraba wa sauran. Hannunsa ya yi gaggawa ko ya yi nawa, wahalar watanni ta tashi a banza.

Tun zamanin da ake riƙon sanda, ba a manta da George Parks ba, madugun ƙungiyar manya ta Reading Buccaneers, gwanin jefa sanda, wanda ya kafa makarantar horar da madugai, ya koyar da dubban yara kafin rasuwarsa a 2010. Kyautar da ake ba gwarzon madugu kowace shekara kuwa tana ɗauke da sunan Jim Jones, wanda ya kafa ƙungiyar Troopers a 1957.

Amma wanda aka fi ba da labarinsa shi ne Will Pitts, madugun Phantom Regiment ta garin Rockford. A 2008 ƙungiyarsa ta yi wasan Spartacus, bawan nan da ya yi wa daular Rum tawaye. Bisa al'ada madugu yana wajen labari, nasa kiyaye lokaci ne kurum. Su sai suka sa shi ciki, ya fito a matsayin shugaban azzalumai, yana taƙama, har ƴan kallo suka riƙa yi masa kallon maƙiyi. Dab da ƙarshe, wani daga cikin bayin ya taho da mashi, ya hau dandamali ya yi kamar ya soke shi, ya faɗi. Wannan kasada ce babba, a ganinmu ma ta fi duk wata busa ta daren wuya, domin an kawar da mutumin da kowa ke duba a daidai lokacin da kiɗi ya fi ƙarfi, sai wani ya karɓi jagora ba tare da an yi tuntuɓe ba.

A daren farko na gasar, a garin Bloomington na jahar Indiyana, su ne na uku. Kashegari suka zo na biyu. Daren ƙarshe alƙalai suka ba su maki 98.125, Blue Devils ta Kalifoniya ta sami 98.100.