Zogale, zobo da man kaɗe: kariyar fata da ke cikin kasuwarmu

Da zarar hunturu ya kankama, leɓe ya fara tsagewa, ƙafa ta yi kaushi, shagunan kayan shafa a Maraɗi da Damagaram kan cika da ƴan mata masu neman man da zai hana fata tamoji. Kwalabe da yawa na ɗauke da kalmar "antioxydant", kuma ba su da arha.

Ma'anar kalmar ba ta da wuya. Zafin rana da hayaƙin taba kan haifar da wasu ƙwayoyin sinadari masu ɓarna a cikin fata. Su ke cinye kolajen, zaren da ke riƙe fata don kada ta saki. Tsirrai kuwa na ƙera sinadaran da ke kashe kaifin waɗannan ƙwayoyi, kuma mutum na samunsu ta abinci.

Ba sai an je nesa ba. Garin ƴaƴan kuka na da bitamin C mai yawa, wanda jiki ba ya iya haɗa kolajen sai da shi. Ganyen zogale na da karotin da bitamin E. Jan launin zobo kansa sinadarin kariya ne, haka ma na tumatir, wanda jiki ya fi amfana da shi idan an dafa shi da ɗan mai. Sai dai doguwar tafasa na kashe bitamin C, don haka kada zogalen kwaɗo ya daɗe a wuta.

Man kaɗe, da ake samu a yankin Gaya, shi ne ƴan uwanmu mazauna Faransa ke saya da tsada da sunan "karité". Yana riƙe damshin fata, amma bai isa ya tare rana ba, kuma ba ya goge tamojin da ya riga ya zauna.

Haɗarin na wajen man bilicin. Masu ɗauke da haidrokinon ko kotikoyid na rage baƙin launin da ke kare fata daga rana, su sa ta yi siriri ko ta yi tabo. Kodebuwa ta haramta su tun 2015.

Kafin a zuba jikkuna a kan kwalba ɗaya, gara a duba abin da aka rubuta a bayanta, a nemi inuwa da tsakar rana, a kuma gyara tukunya.