Fostar Tsokana: Daga Titunan Landan Zuwa Bangayen Birnin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai zai ga bango cike da takardu: fostocin 'yan takara, sanarwar maulidi da musabaƙa, tallan maganin gargajiya. Abin da ba kasafai zai gani ba shi ne fostar mawaƙi da aka tsara da niyyar tsokanar hukuma. Wannan maƙala za ta bayyana yadda irin wannan fosta take aiki a inda ta samo asali, sannan ta duba dalilin da ya sa tsokanar mawaƙan Kano ta bi wata hanya daban.

Asalin fostar tsokana

A tsakiyar shekarun 1970 wani salon kiɗa mai suna punk ya ɓulla a biranen New York da Landan. Kiɗa ne mai kaushi da sauri, na matasan da suka yanke ƙauna daga manyan kamfanonin waƙa. Da yake ba su da kuɗin talla, su da kansu suke tsara sanarwar wasanninsu: a yayyanko haruffa daga jarida, a manna da gam, a buga a injin fotokwafi, a bi dare a lilliƙa a bango.

Fitaccen misali shi ne aikin Jamie Reid na 1977, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta cika shekara 25 a kan gadon sarauta. Don tallan waƙar "God Save the Queen" ta ƙungiyar Sex Pistols, ya ɗauki hoton Sarauniya ya toshe idanunta da bakinta da yankakkun haruffa. Gidan rediyon BBC ya ƙi sanya waƙar, amma hoton ya ci gaba da yawo. A Amurka kuwa, zane-zanen Raymond Pettibon ga ƙungiyar Black Flag sun cika turakun lantarki na Los Angeles, suna yi wa 'yan sanda da tarbiyyar masu hali shaguɓe.

Abubuwa uku ne ginshiƙan wannan fasaha. Na farko, a ɗauki hoton da jama'a suke girmamawa a jirkita shi. Na biyu, a yi aikin da arha, ta yadda rashin kyansa zai zama shaidar cewa ba kamfani ne ya ɗauki nauyinsa ba. Na uku, a liƙa shi ba tare da izini ba, domin liƙawar ita kanta iƙirari ce cewa talaka ma yana da rabo a bangon gari.

Najeriya ba baƙuwa ba ce ga wannan ruhi. A Legas, Lemi Ghariokwu ya zana bangayen faya-fayan Fela Kuti da dama, ciki har da "Zombie" mai yi wa sojoji ba'a. A watan Fabrairun 1977 sojoji suka ƙona gidan Fela, wato Kalakuta.

Bango da hoto a cikin Birni

A cikin ganuwar Kano, bango ba fili ne marar mai shi ba. Bangon gidan wani ne, ko na masallaci, ko na makarantar allo, kuma akwai mai unguwa da dattawa masu lura da abin da ya hau kansa. Tarihin silima ya nuna haka: Rex, wadda aka buɗe a 1937, a wajen ganuwa aka gina ta, kuma da aka buɗe Palace a Jakara a 1951 sai da malamai da mazauna Birni suka nuna adawa mai tsanani.

Haka kuma, hoton babban mutum yana da matsayi na musamman. Hotunan Shehu Tijjani da Shehu Abdulƙadir da Shehu Ibrahim Inyass ana rataye su a shaguna da zauruka don ƙauna da neman albarka. A al'ummar da take kallon hoto da wannan ido, ɓata fuskar shugaba ba za a ɗauke shi raha ba, cin mutunci ne tsagwaronsa. Mai yin sa ma ba shi da maɓoya, domin a unguwa kowa ya san ɗan gidan wane ne.

Tsokana ta kunne

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai iya tsokana ba. Makaminsa zambo ne da habaici. Fosta tana nuna fuska ƙarara, habaici kuwa yana sakaya suna ya bar wa mawaƙi ƙofar fita, ya bar wanda aka nufa ya tsargu da kansa, tunda mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da wannan makami mawaƙan NEPU irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin suka fafata a shekarun 1950.

Zamanin tace fina-finai ya ƙara fito da wannan hali. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, ta kuma tsananta aiki daga 2007 ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifan "Bahaushiya". A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa, wato Ziriums, da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala, wanda aka tsare shi a shekarar. Waɗannan waƙoƙi ba fosta ce ta yaɗa su ba. Matasa ne suka riƙa tura wa juna daga waya zuwa waya, a majalisu da shagunan masu cajin waya. Aikin da fotokwafi ya yi wa matasan Landan, shi wayar hannu ta yi wa na Kano: arha, sauri, da rashin buƙatar izini. Bambancin shi ne, ana iya yage fosta da safe, amma waƙar da ta shiga aljihu dubu ba ta kamuwa.

Kammalawa

Fostar tsokana tana bunƙasa ne inda bango ba shi da mai tsaro kuma mai zane zai iya ɓacewa cikin jama'a. Birnin Kano bai ba da wannan dama ba, sai tsokana ta koma ga harshe da waya. Sai dai akwai asara a nan. Fostocin punk yau suna ajiye a gidajen tarihi irin su Victoria and Albert na Landan, alhali waƙar da take cikin katin waya tana mutuwa ranar da katin ya lalace. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su tattara waɗannan waƙoƙi, tare da bangayen kaset da fostocin fina-finai na wancan zamani, tun masu riƙe da su a Ƙofar Wambai da Bata ba su zubar ba.